Jirgin da Ke Kai Inna Rijiyar Aduwa

Tamanrasset, cikin watan Rajab.

Zuwa ga yayana, Malam Mahamadu, a Damagaram.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Direban da ya kawo mana gero ya ce ƙafarka ta sake tashi. Allah Ya sa kaffara ce. Mu nan sai godiya. Sanyin duwatsu ya sauko, maigida yana fama da shagonsa a kasuwa, Inna kuwa jiki ya yi nauyi, ko tsakar gida ba ta fita sai an riƙe ta. Saboda ita na ɗauki alƙalami, domin muryata ba za ta iya ɗaukar wannan magana a waya ba.

Ka san ɗana na fari, wanda bakina ba ya kiran sunansa. Tun da ya gama karatun lekkol yake gaban ordinatar, wato kwamfuta. Wasu mutane a Turai, masu wasan tuƙa jirgin sama a cikin na'ura suna zaune a kujerunsu, suka ba shi aikin ƙera musu wani tsohon jirgin yaƙi na Nasara, irin na tsakanin manyan yaƙoƙin duniya biyu: fukafukai hawa biyu ɗaure da wayoyi, matuƙi kansa a waje, bindiga a hanci. Babu ƙarfe babu ƙusa, hoto ne mai motsi, amma yana ruri yana tashi kamar mai rai. Ranar da Inna ta ji rurin daga ɗaki, ta sa aka kawo ta, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce wannan shi ne. Shi ne wanda mahaifiyarta, Kaka Rakiyatu, take ba mu labari: wanda ya sauko ƙasa-ƙasa a kan Rijiyar Aduwa, raƙumin da ke jan wasaki ya firgita, igiya ta naɗe ƙafar wan Kaka, Ɗayyabu, ta ja shi har inda ajali yake jiransa. Ɗayyabun nan ne muke yi wa sadakar gumba kowace shekara.

Na zaci Inna za ta tsine wa abin. Sai ga shi ta ce da jikan nata, tun da mijinta malalaci bai iya saya mata ko jaki ba amma ya samu jirgi, to ya kai ta gida. Yaron ya ɗauki wasan da gaske. Jirgi yana bukatar ƙasar da zai tashi a kanta, shi kuwa ya gina musu ƙasarmu Damargu, har da rijiyar, daga bakin kakarsa. Kullum bayan la'asar tana zaune kusa da shi tana gyara masa, tana cewa aduwar gabas take da rijiya, kai makaho, komin shayarwa kuma na itace ne, ba na siminti ba. Da ya gama, sai ya zama al'ada: ta yafa mayafinta na fita unguwa, ya ɗauke ta su kewaya rijiyar, tana nuna inda bukkarsu take. Matar da ba ta ga ƙasarta ba tun zuwanmu nan ta koma cin abinci da marmari. Ni ina kallo, zuciyata ba ta kwanta da hotuna ba, amma na ce wa kaina mai yiwuwa tsananina ne.

Sai ranar da na kai masa shayi na tarar yana kallon abin da ɗaya daga cikin mutanen nan ya aiko. Wani ƙato ne a ɗakinsa a can Turai, ya ɗauki jirgin, yana saukowa kan rijiyarmu yana sakin wuta, raƙuma suna watsewa, shi yana ƙyaƙyata dariya, yana juyowa yana sakewa. Yaya, wurin da jininmu ya zuba ya zama filin wasan jikokin wanda ya zubar da shi, kuma ɗana ne ya share musu filin. Ban san lokacin da na kira shi da sunansa ba. Yunus, na ce, karo na farko tun da na haife shi. Ya miƙe tsaye. Na ce ya shafe rijiyar nan a gabana, ya rantse da Allah ba zai bar ko inuwarta a wani wuri ba, kuma ba zai sake gina ta ba, in ba haka ba ban yafe nonon da ya sha ba. Ya buɗe baki zai yi bayani, na ce ban tambaye shi ba. Ya rantse, ya shafe. Daga baya mahaifinsa ya gaya mini abin da ya so faɗa: yana da hanyar rufe ta ga baƙi, ya bar wa Inna ita kaɗai. Magana zarar bunu ce, na zare.

Washegari bayan la'asar Inna ta yafa mayafi, ta ce a kira mata mijinta. Yaron kuwa ya kwashe kayansa ya koma kwana a shagon mahaifinsa. Yana gaishe ni a durƙushe, ba ya ɗaga ido. Ni da ban taɓa yarda yaro ya yi ƙarya ko da wasa a gidana ba, na dubi uwar da ta haife ni na ce mata iska ta yi yawa, jirgi ba zai tashi yau ba. Kullum haka nake faɗa, kullum ina istigfari, kullum ina sakewa. Har yanzu ban iya cewa fushina kuskure ne ba, domin dariyar mutumin nan tana kunnena ko a cikin salla. Amma shi yana can yana wasansa a kan wata rijiyar, ita kuwa wadda aka hukunta, Inna, tana ɗakina.

Abin da nake roƙo gare ka uku ne. Ka tambayi malamanku yadda ake warware irin wannan rantsuwa. Ka kira yaron ka yi masa magana a matsayinka na kawu, domin ni na kashe bakina a wurinsa. Sannan ka aiki yaronka Isufu zuwa Damargu ya ɗauko mana hoton rijiyar ta kowace fuska, saboda Inna ta fara rikita gabas da yamma, ba za ta iya sake gina ta da baki ba. Idan ya tarar rairayi ya binne ta, kada ka faɗa a waya, kunnen Inna yana nan daram.

Ka gaishe mini da Yaya Bilkisu, da Isufu, da Khalida da jaririnta, da Gwaggo Mariyamu. Maigida yana gaisuwa. Inna ma tana gaishe ka. Ta ce in gaya maka, ranar da iska ta kwanta za ta sa mijinta ya biyo da ita ta kan gidanka, ka fito tsakar gida ka ɗaga mata hannu.

Wassalam. Ƙanwarka mai bukatar addu'arka,
Adawiyya.