'Yan Aiken da Ba a Gani

Zuwa ga Yayana,

Bayan sallama da gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Allah ya ƙara lafiya da buɗi, amin. Mu nan ƙalau muke. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma yi mana faɗa a tsaye.

Albishirinka, Baba ya yarda in tafi ƙaro karatu! Amma fa na ji jiki. Sati biyu takardar neman gurbin karatun tana shagonsa, danne da wata fanka da aka kawo gyara, ga ranar rufe karɓa tana ta matsowa. Ya ce ba zai sa hannu ba sai na faɗa masa abin da zan karanta, kuma da Hausa.

Ran Talata ni da Inna muka kai masa abincin rana, sai na zaro mayen ƙarfe biyu daga tarkacensa. Na nuna masa yadda suke ture juna ba tare da sun taɓu ba. Na ce a lissafinmu muna ɗauka kamar wasu ƙananan ƙwayoyi ne ke kai-komo tsakaninsu, tamkar 'yan aike. Ba na'urar da za ta iya kama ko ɗaya, a takarda kawai suke, amma da su lissafin ke fita daidai. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce ashe karatun aljanu zan tafi. 

Sai Inna ta tuntsire da dariya. Ta ce ita kam ta gane sarai, ai aikinta ke nan shekara talatin. Baba ba ya iya rarrashin 'ya'yansa, mu ma ba ma iya tunkararsa, amma saƙo na tafiya, amsa na dawowa, kuma ba wanda ya taɓa lura da mai kaiwa. Baba ya ci gaba da kwance fankarsa.

Washegari Inna ta shigo ɗakina da takardar, an sa hannu, har da tabon man inji a gefe. Wai ya ce in dage. Daɗi ya cika ni, na ba ta saƙon godiya ta kai masa, alhali yana zaune a tsakar gida, muna jin tarinsa.

Ka gaida matarka da 'yan biyu. Inna da Goggo suna gaishe ka. Baba bai ce komai ba, amma Inna ta ce yana gaishe ka ƙwarai.

Ƙanwarka mai kewarka.