Na Daina Jin Waƙarsu, Ina Ɓoye wa Abokina

Ummu Bashar, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana.

Shekarata sittin da uku. Shekara ashirin ke nan ni da abokina Nayif muke shiga fadamar Azraƙ duk watan Afrilu, lokacin da ƙananan tsuntsayen nan masu waƙa suke yada zango. Ba sa yarda a gan su, cikin ciyawa suke ɓuya, kuma duk kamarsu ɗaya. Da murya ake rabe su. Nayif ido gare shi, ni kunne. In na ce wance ce, sai ya rubuta, bai taɓa yi mini musu ba. Har tsokanata yake, wai jemage ne ya haife ni.

Tun bara masu siririyar murya suka fara ɓace mini. Bana sai in ga Nayif ya tsaya cak ya karkata kai, ni kuwa iska kawai nake ji. Sai in dubi wurin, in tuna wadda ta saba zama nan, in faɗi sunanta. Ya rubuta. Ranar Juma'a sau bakwai na yi haka. Da muka zauna shan shayi ko gurasa ban iya ci ba. Matata ta ce in je asibiti, na yi mata faɗa. Na gaji, wallahi. In na faɗa masa, me kuma zan je yi fadama?

Wani ɗan Azraƙ

Ɗan'uwa, na ji nauyin abin, kuma tsoronka ba wauta ba ce. Amma ka dubi ɓangaren Nayif. Da hannunsa yake rubuta abin da babu wanda ya tabbatar, saboda ya yarda da kai. Raunin ji ba laifinka ba ne. Sunaye bakwai ɗin nan da ka faɗa ba ka ji ba kuwa, laifin naka ne.

Ka faɗa masa a wannan makon, ku soke su tare. Ka ba matarka haƙuri, ka je likita ya auna kunnen. Na'urar ji tana taimakon mutane da yawa, ko da ba ta dawo da komai ba.

Sannan ka lura, Nayif yana ji, sunayen ne bai sani ba. Ka koya masa tun yanzu da sauran muryoyin da kake kamawa. Zai sha wuya, kai ma za ka sha haushi. Allah ya ba ka lafiya, ya kai ku Afrilu mai zuwa tare.

Ummu Bashar