Sifirin da Ka Bari a Gonar Kawu Shazli

Sfax, ranar Litinin

Zuwa ga ƙanina Nizar, a Grenoble,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Siham da jaririyarku, Ya kuma sassauta muku sanyin da ke tafe. Mu nan lafiya. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, har tana hawa soro da kanta ta juya barkonon da ta shanya, matata Wasila kuma ta koma aiki. Na zaɓi alƙalami a kan waya domin na san halin harshena. In na fara da baki, ba zan ƙare a inda ya dace ɗan'uwa ya ƙare ba.

Ka ji labarin dashen zaitun na Kawu Shazli, har ka aiko da jaje mai layi biyu. Cikin ɗari uku, ɗari da sittin sun bushe ƙurmus. Abin da ba ka ji ba shi ne yau da hantsi na gano dalili, kuma dalilin yana ɗauke da sunanka.

Zan tuna maka abin da muka gina, tunda alamu sun nuna nisa ya shafe maka shi. Na'urori arba'in muka kafa a kan sanduna, daga ƙarshen gona zuwa ɗakin famfo, kowace tana ɗanɗana ƙasa, in ta ji ƙishirwa ta miƙa wa maƙwabciyarta saƙo, hannu zuwa hannu, har famfo ya buɗe. Ba mu zana musu hanya ba. Dabarar tururuwa muka ara: hanyar da saƙo ya bi ya isa sai a ƙara mata alama, kamar ƙamshin da tururuwa ke bari a ƙasa, kuma kowace sa'a alamar tana dusashewa kaɗan. Sau nawa na faɗa maka, a aji da kan teburin cin abinci, cewa hikimar tana cikin dusashewar? Hanyar da ta mutu dole a manta da ita, sannan a nemi wata. Shekara tara na yi ina koya wa ƙarfe mantuwa, kai kuma ka hana shi da tsinin yatsa ɗaya.

Mako uku na yi ina bincike. Na zargi zafi, na zargi batir, na zargi kaina har na rame. Yau na buɗe wurin da ake saita saurin dusashewar, sai na tarar da sifiri zaune kamar baƙon da ya ƙi tafiya, a gefensa kuma ga rubutunka: na wucin gadi ne, zan mayar gobe. Kwanan watan shi ne jajibirin ranar da ka kare kundin digirinka. Nan take na tuna yadda ka yi ta ƙorafi cewa taswirar hanyoyin tana motsi kamar tsutsa, ba za ta yi kyau a gaban malamai ba. Ka daskarar da ita don a ga layuka masu kauri da tsari. Aka tafa maka, ni ma na tafa, har na karanta baitoci a walimarka. Goben da ka ambata kuwa ba ta zo ba har ka hau jirgi.

Ga abin da sifirinka ya haifa. Da shihili, iskar nan mai zafi ta hamada, ta sauko a watan Agusta, na'urar da ke gindin ɓaure ta ƙone. Ita ce a kan hanya mafi kauri. Da alamar tana dusashewa, da kafin la'asar saƙonni sun zagaya ta wajen shinge. Amma alama ta ƙi gushewa, sai suka yi ta zuwa ƙofar matacciya har kwana goma sha ɗaya, allon wayata kuma yana nuna mini layi kore shar. Kawu yana kwance bayan aikin idonsa, kuma ni ne na ce masa kada ya fita rana, gona tana hannun da ba ya gajiya. Ban ɓoye nawa laifin ba: ina biki a Mahdiya, na yarda da allo, ban taka na je na taɓa ƙasa ba. Wannan zan ɗauka har kabari. Amma nawa kaɗai zan ɗauka da gaskiya.

Da na tsaya a cikin gonar, abin da ya zo mini ke nan:

Ƙasa ta yi kira, ba mai amsawa,
Saƙo na ta zuwa gidan da ba kowa,
Allo na murmushi, ganye na ƙonewa,
Mai yi ya yi nisa, ni ke tsayawa.

A ƙauye yanzu ba ni da suna sai Sarkin Tururuwa. In na wuce ta gidan shayi, Bulbaba mai tarakta yakan ɗaga murya ya tambaye ni ko talakawana sun dawo daga hutun bakin teku, ko kuwa yajin aiki suke kamar sauran ma'aikata. Wani ya ce in gwada kunama a baɗi, ita aƙalla ba ta barci a bakin aiki. Na iya haɗiye wannan. Wanda na kasa haɗiyewa shi ne Kawu. Bai zage ni ba. Ya kama hannuna, ya bi da ni layi layi, yana karya rassan ina jin ƙararsu, sannan ya ce shi shekararsa saba'in da huɗu, ba don cikinsa ya dasa su ba, kuma ba laifina ba ne ni ɗan 'yar'uwarsa, laifinsa ne da ya bai wa ƙwaro amanar ruwa.

Ranar Juma'a ta sama, bayan an sauko daga masallaci, ƙungiyar manoma za ta zauna a kan na'urorin nan. Gonaki shida ke amfani da su. In aka tafi a kan cewa dabarar ce ta gaza, za a tumɓuke sandunan duka, kuma babu manomin da zai sake buɗe mini ƙofa daga nan har Jabinyana. In kuwa aka san hannun mutum ne ya taɓa, kuma an gyara, tunda na riga na gyara, to aikin zai rayu. Magana ɗaya daga bakina ta isa. Wasila ta ce in faɗe ta, ta ce ƙani ba jariri ba ne, mutum mai gemu da digiri uku ya iya ɗaukar kayansa. Ta yi gaskiya, amma ba zan faɗa ba. Ba zan tsaya a gaban mutanen da suka yi sallah a kan gawar mahaifinmu in miƙa musu sunan ɗansa yana bayan teku ba. In ka yi shiru, zan miƙe in ce tururuwata ce ta gaza, in taya su cire sandunan da hannuna, kuma za ka ci gaba da zama ƙanina, sai dai ba zan ƙara sa sunana kusa da naka a kan wani aiki ba.

Lambar Kawu ba ta canza ba. Yakan ɗauki waya bayan sallar asuba, kafin ya fita. Kada ka kira ni, ba ni ne na dasa ba.

Umma tana gaishe ku, ta ce a rufe wa jaririya kai. Wasila tana gaida Siham. Yayarmu Najat ta ce ka daina aiko hoton dusar ƙanƙara, ka aiko na 'yar. Kawu Shazli ma da na ce masa zan rubuto maka, ya ce in gaida masa injiniyansa da kyau, in kuma shaida maka cewa da kana nan, da haka ba ta faru ba. Na yi masa alkawarin zan isar, ga shi na isar.

Wassalam. Yayanka da ke fushi da kai, yake kuma yi maka addu'a,

Munji