Na Karya Jirgi, Na Ɗora wa Saniya

Assalamu alaikum, mai shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a bari in kai ƙarshe kafin a zage ni, don ni ma na gaji da zagin kaina.

Ni ɗan Birnin Gwari ne, ina koyon tuƙin ƙaramin jirgi a wata makaranta. A kan babur na girma, ina ɗauko masarar babanmu daga Kusasu zuwa gari, kuma duk mai bin hanyar dajinmu ya san dokarta. Yayana ne ya koya mini: "In ka ga ciyawa ta motsa a bakin hanya, kar ka duba, kar ka taka birki, murɗa mai kawai." Sau nawa wannan ta kawo ni gida da rai?

Ran da malamina ya sake ni in tashi ni kaɗai, komai lafiya har na zo sauka. Saura ƙiris tayoyi su taɓa ƙasa sai ciyawar gefen titin jirgin ta kaɗa. Iska ce fa, iska kawai! Amma hannuna bai yi shawara da ni ba, ya danna mai. Na firgita na janye, jirgin ya daki ƙasa ya yi tsalle, ya dawo ta hanci, tayar gaba ta karye, farfela ta lanƙwashe. Na fito ko ƙwarzane babu. Malamina ya iso yana haki: "Me ya faru?" Da wane baki zan ce ciyawa na ji tsoro? Sai na ce, "Malam, saniya ce ta gitta."

Ashe akwai rugar wani dattijo a bayan shingen makarantar, shingen kuma da ma ya ɓalle ta wani gefe. Shi ke nan, aka ce saniyar tasa ce, aka ba shi zuwa Juma'a ya tashi da iyalinsa da garkensa, ga tsakiyar damina, ko'ina shuka. Ina zai kora su? Ya tare ni a bakin ƙofar makaranta, ya ce, "Ɗana, wace iri ce saniyar? In tawa ce zan sani." Na ce, "Fara ce, Baffa." Ya sunkuyar da kai, don shanunsa kusan duk farare ne. Ya ce, "To ka yafe mini, na kusa kashe ɗan mutane."

Ni ya roƙa gafara, jama'a. Ni!

Yanzu ina gida, an ba ni hutu wai in warware. Inna sai nuna ni take yi ga maƙwabta, ga wanda Allah ya tsare. Abinci ma turawa nake yi. In na faɗi gaskiya, korata za a yi, don ba a ba maƙaryaci jirgi, balle wanda ciyawa ke razanawa. In na yi shiru, Baffa zai ɗaura kaya saboda saniyar da ba a taɓa haifa ba. Yau Laraba. Me zan yi?