Jan Kofin Yaya Hadi

Litinin, 1 ga Yuli, 2024
Na zo gida hutu, jarrabawar ilimin magunguna saura sati uku. Gero ya kai gwiwa. Ina gindin darbejiya ina haddar magungunan farfaɗiya: finobabiton, kabamazafin, balfuret. Sunaye kamar na garuruwan da ban taɓa zuwa ba. In na lumshe ido sai in gan ni cikin fararen kayan nas, ina yawo a cikinsu.

Laraba, 3 ga Yuli
Finobabiton yana kwantar da ƙwaƙwalwa, yana sa barci. Ba a yanke shi farat ɗaya, nan na ja layi biyu. Shi ne maganin da Yaya Hadi yake sha, shekara tara ke nan.
Jan kofinsa na rataye a ƙusa shi kaɗai. Inna ta ce yawu ke yaɗa ciwon. Na san ba haka ba ne, amma ban taɓa sha da shi ba. Kaico, ni Asama'u.

Juma'a, 5 ga Yuli
Gajimare na yini kallo. Ko shafi ɗaya ban karanta ba.

Asabar, 6 ga Yuli
Ina share ɗakinsa na tarar da ƙwayoyin a gwangwani, kwana shida bai sha ba. Na tambaye shi dalili. Wai barci suke sa shi ana tsakiyar noma. "Kuma ko na sha, ai kofina daban, ko ba haka ba, malama nas?" Na karanto masa littafi kaf. Dariya ya yi.

Litinin, 8 ga Yuli
Ya faɗi a gona da hantsi. Kowa ya ja baya. Kawu Sabo ya nufo bakinsa da cokali, na daka masa tsawa. Ni da yi wa Kawu tsawa! Na juya Yaya ta gefe, ɗankwalina a ƙarƙashin kansa, idona kan agogo. Minti huɗu. Yawunsa duk a hannuna. Wallahi na ji tsoro, amma ba na yawun ba.
Likita a Bici ya ce ya koma kan maganin, zai duba batun barcin.

Laraba, 10 ga Yuli
Da safe yana ta jujjuya ƙwayar a tafin hannu, ba alamar zai sha. Na sauko da jan kofin, na ɗebo ruwa, na sha rabi, na miƙa masa. Inna ta saki salati. Ya daɗe yana kallona, sannan ya haɗiye.
Ƙishirwa nake ji, shi ke nan.
Kofin dai yana kan randa tare da sauran. Ba ni na ajiye shi ba.