An datse maganar mahaifiyata a ƙarshen shafi

Assalamu alaikum 'yan gida. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, raina a ɓace yake.

Ni malamar firamare ce a Jimeta, muna zaune a unguwar Damilu tun shekarar da 'yan ta'adda suka shiga garinmu muka gudo. A ranar aka kashe mahaifina, kuma wani maƙwabcinmu ne ya nuna musu gidan. Bara na mai da labarin rubutun fim, Dada, wato mahaifiyata, tana faɗa ina rubutawa, wani lokaci kuka ya ci ƙarfinta mu tsaya. Ɗan goggona da muke kira Hamma yana harkar fim, shi ya karɓa ya yi darakta.

Akwai wata doguwar magana ta uwar da ke cikin fim ɗin, kalaman Dada ne ko harafi ban canja ba, sai ta faɗo ƙarshen shafi ta tsallaka na gaba. A ƙasa na rubuta "akwai ci gaba", a saman sabon shafin na sake sa sunan uwar. Shafin farko ya ƙare da "Kowa na cewa in yafe, to na yafe", na biyun ya ɗora da "wa waɗanda suka gudu suka bar mu, tsoro halak ne. Amma wanda ya nuna ƙofarmu, sai mun tsaya gaban Allah."

Ina makaranta aka ɗauki wannan wurin na fim ɗin. Wallahi a kan "na yafe" suka tsaya. Hamma ya yanko daidai nan ya sa a waya don talla, ya rubuta cewa labarin gaske ne. Matan unguwa suka yi ta shigowa suna yaba wa Dada, har ƙanwar maƙwabcin nan da ya nuna gidanmu ta bugo waya tana godiya.

Na same shi, ya ce wai injin da aka yi kwafin takardun da shi ne ya cinye layin ƙasa, kuma laifina ne, ba a raba magana a tsakiyar jimla, sai inda aya ta faɗa. Wannan na yarda na yi kuskure. To sunan da ke saman shafi na biyu fa, shi ma injin ne ya cinye? Sai ya ce ai haka ya fi daɗi, saƙon zaman lafiya mutane ke so, kuma ba zai sake tara 'yan wasa saboda layi biyu ba. Layi biyu fa ya ce!

Dada ba ta yi min faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Ke kika yafe jinin ubanki da bakina?" Yau kwana huɗu ba ta taɓa abincin da na dafa ba.

Sati mai zuwa za a haska fim ɗin. In na fito na ƙaryata, zumuncinmu da gidan goggo ya lalace, kuma a ce uwata mai riƙo ce. In na yi shiru, na bar ƙarya a bakinta. Ku faɗa min, in saki hoton shafi na biyun kowa ya karanta, ko in haƙura?