Na Mayar da Bujor Ƙasa

Daga gida, 17 ga Satumba

Zuwa ga autata Luminita,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina. Ubangiji ya tsare ku a Torino, ya sa albarka a aikin hannunku. Mu nan lafiya lau. An fara yankan inabi, kaji sun koma yin ƙwai, ƙafar da na faɗi a kanta a bakin rijiya ta warke sarai. Ki daina ba mutane labarin faɗuwar nan kamar an yi girgizar ƙasa.

Bayan haka, na san yayanki Dorin ya riga ni kawo miki labari, to ga nawa. Da ya zo hutu a watan jiya, ya zaunar da ni ya ce kun yanke shawara: kafin sanyi ya shigo zan koma wurinku, gidan kuma a sayar wa wani mai manyan motoci daga Barlad, wanda zai malale tsakar gida da siminti. Na ce masa ba inda za ni, ko don furen bujor ɗin da kakarku ta dasa a bakin ƙofa tun kafin a haife ni. Ashe ɗan nema ya ɗauki maganar a zahiri. Ran Lahadi ina coci, ya ɗauko shebur cikin zafin ranar Agusta, ya tumɓuke shi, ya cusa a bokitin fenti, ya danne da ƙasa har baki. Na dawo na tarar da shi yana murmushi, wai ga furena nan ya shirya tafiya, saura ni. Luminita, na yi kuka. Ba na ɓoye miki, tun rasuwar babanku ban yi irinsa ba.

Rashin sani ya fi dare duhu. Wa ya taɓa tono bujor kafin idin Ranar Gicciye na tsakiyar Satumba ya zo, ganye ya fara ja? Wa kuma yake binne shi da zurfi kamar tukunyar tsafi? In idanun saiwar, inda tsiro ke fitowa, suka wuce yatsa biyu a ƙarƙashin ƙasa, sai dai ki yi ta kallon ganye har ki tsufa, fure ko ɗaya ba zai ba ki ba. Yayanki ya iya gina wa Italiyawa bene, amma wannan bai sani ba. Na ja bokitin zuwa ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai sanyi, ina yayyafa masa ruwa mako uku.

Shekaranjiya na zazzage shi. Shebur ya sare gefe guda, ya ruɓe, amma sauran na nan da rai, da idanunsa jajaye. Na wanke saiwar, na bar ta a inuwa wuni guda ta yi laushi, sannan na raba ta gida biyar da wuƙar yanka alade ta babanku, kowane yanki da ido uku, na shafe ciwon da toka. Maƙwabciyata Safta ta leƙo ta kan shinge tana tsokanata, wai bujor ɗin da aka raba sai ya shekara uku kafin ya yi fure, ni da shekara saba'in da takwas wa nake dasa wa? Na ce mata ta kula da haƙoranta biyun nan, domin ita zan fara kai wa furen, ko a gida ko a maƙabarta. Ta yi dariya har da tari, ta zagayo ta riƙe mini igiyar awo.

Uku na dasa a bakin ƙofa, ɗaya a kan kabarin babanku. Na san tsoro ne ya sa kuke so in bar gidan nan, ba mugunta ba, kuma ina ƙaunarku a kan haka. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A can zan zauna a hawa na shida ina kallon bango, ba wanda zan yi wa faɗa da harshena. A nan in na faɗi, ƙasar da na sani ce za ta tare ni. Mai motocin ya zo jiya da murmushinsa, na ba shi ruwa ya sha, na nuna masa hanya.

Ki gaishe da maigidanki Vasile, da Ilinca, da ƙaramin Tudor, ki ce kakarsa ta aiko masa da cuku da 'ya'yan bishiyarmu. Dorin ma ki gaishe shi, na yafe masa, amma kada ya sake taɓa shebur a gidana.

Yanki na biyar naki ne. Yana cikin kwalin da direban bas zai kawo ran Asabar. Ki dasa shi da wuri, yatsa biyu, kada ki ƙara. Za ki same shi a naɗe cikin takardar sayar da gidan da Dorin ya bar mini in sa hannu. Na jiƙa ta sosai don kada saiwar ta bushe a hanya.

Mahaifiyarki,
Paraschiva